Sun Zo da Tambaya, Mun Kawo Ɗalibai

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a jami'a a ƙasar nan ya san hoton. Shugaban jami'a a tsakiya cikin babbar riga, baƙi biyu ko uku daga wata jami'ar Turai ko Amurka a gefensa, an buɗe fayil a kan tebur, kowa ya riƙe biro yana murmushi. Washegari sashen hulɗa da jama'a ya fitar da sanarwa cewa an ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa kan karatu ta intanet, kuma ƙofar bincike ta buɗe wa malamanmu. Na halarci irin wannan zama fiye da sau ɗaya, na kuma taɓa kasancewa cikin waɗanda aka ɗora wa aikin da ya biyo baya. Aikin kuwa shi ne mu raba wa ɗalibanmu takardar tambayoyin da aka riga aka tsara a can, mu tattara amsoshi, mu tura. Muka tura. Bayan kusan shekara biyu maƙala ta fito a wata mujallar da ɗakin karatunmu ba ya iya biyan kuɗinta, sunayenmu kuma suna can ƙasa a sakin layin godiya, kusa da sunan hukumar da ta ba da kuɗi.

Ba zan ce an cuce mu ba, domin babu abin da aka yi mana wanda ba mu sa hannu a kansa ba. Abin da ya dame ni shi ne ba mu san darajar abin da muka miƙa ba. Mun ɗauka su ne suka zo da kaya, mu 'yan karɓa ne. A fagen binciken karatu ta intanet kuwa, kayan da suka fi tsada a yau suna hannunmu, kuma masana fannin da kansu ne suka nuna haka.

A shekarar 2012 aka yi ta shelar cewa an gama da matsalar ilimi mai zurfi a duniya. A shekarar ce Jami'ar Harvard da cibiyar fasaha ta MIT suka kafa dandalin edX, wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford, Andrew Ng da Daphne Koller, suka kafa Coursera. Alƙawarin shi ne yaron da ke Azare ko Maraɗi zai saurari darasin da ɗalibin Boston ke saurara, kyauta, daga ɗakinsa. Shekara bakwai bayan haka, a 2019, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science abin da suka gani cikin bayanan kwasa-kwasan Harvard da MIT na shekara shida, bayanan mutum fiye da miliyan 5. Kusan rabin waɗanda suka yi rajista ba su ko leƙa darasi ɗaya ba. A zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin ɗari ne suka kammala. Mafi yawan mahalartan kuma daga ƙasashe masu arziki suke, wato mutanen da dama can ba su rasa makaranta ba. A 2021 aka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, a 2024 kamfanin ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi.

Akwai wani binciken da ya fi wannan muhimmanci a gare mu. A 2017 René Kizilcec da abokan aikinsa suka ba da rahoto, shi ma a Science, cewa sun gano wata 'yar dabara mai arha: idan aka sa ɗalibi ya yi ɗan gajeren rubutu a farkon kwas kan abin da yake daraja a rayuwa da yadda karatun zai amfane shi, ɗaliban ƙasashe matalauta suna ƙara jajircewa, har giɓin da ke tsakaninsu da na ƙasashe masu arziki ya kusa rufewa. An yi murna da wannan sakamako. Sai dai masu binciken, a yaba musu, ba su tsaya nan ba. Suka sake gwada irin waɗannan dabaru a kan ɗalibai kusan dubu 250 a kwasa-kwasai 247 na Harvard, MIT da Stanford cikin shekara biyu da rabi, suka wallafa sakamakon a 2020. Tasirin ya yi matuƙar raguwa. Dabarar da ta yi aiki a wani kwas ta gaza a wani, wadda ta taimaki wasu ɗalibai ba ta taɓuka komai ga wasu ba. Suka kammala da cewa sai an fahimci yanayin da ɗalibi ke ciki kafin a san abin da zai taimake shi.

A lura da abin da wannan ke nufi. Jami'o'i uku daga cikin mafi arziki a duniya, da na'urorin da ke ƙirga duk wani maɓalli da ɗalibi ya taɓa, sun kai wani matsayi da ƙirgen ya daina ba su amsa. Na'ura tana iya nuna cewa ɗaliba ta tsayar da bidiyo a minti na huɗu ba ta dawo ba. Ba ta iya faɗin ko data ce ta ƙare, ko wuta aka ɗauke waya ta mutu, ko mai wayar ne ya karɓi abinsa zai fita, ko Ingilishin malamin ne ya yi mata sauri, ko yaro ne ya farka. Waɗannan dalilai biyar ne mabambanta, kowanne da maganinsa, amma a allon mai bincike a Amurka duk alama ɗaya suke barwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai iya rarrabe su shi ne malamin da ke jin harshen ɗalibar, ya san unguwarta, kuma za a bar shi, ko a bar abokiyar aikinsa, ta shiga gidan ta yi tambaya.

Sannan akwai karatun da na'urorinsu ba sa gani sam. A ƙasar Hausa karatu ta waya ya riga yarjejeniyoyin jami'o'i isowa. Akwai zaurukan WhatsApp da Telegram inda ake karanta littattafan fiƙihu da nahawu babi bayan babi, malami ya turo murya, ɗalibai su biya su mayar masa ya gyara. Akwai inda mata ke koyon ɗinki, girki da lissafin kasuwanci, suna biyan kuɗin shiga ta banki. Akwai ɗaliban jami'a da ke naɗar lacca, mutum ɗaya ya sauke da datarsa, sauran su karɓa waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Wannan tsari ne cikakke na koyarwa daga nesa wanda aka gina shi a kan murya maimakon bidiyo, a kan sauraro lokacin da aka samu sarari maimakon haɗuwa kai tsaye, a kan amana da sanayya maimakon takardar shaida. Me ya sa mutum ke bin karatun littafi guda a WhatsApp har wata shida, amma ya watsar da kwas ɗin da aka kashe wa dubban daloli cikin mako biyu? Duk wanda ya amsa wannan tambaya da hujja ya ƙara wa duniya ilimi. Saƙonnin WhatsApp a rufe suke, babu wani dandali da zai miƙa wa mai bincike bayanansu. Sai an shiga da sallama, da Hausa, da yardar mai zaure.

To, da wannan a hannu, me ya sa muke zuwa teburin yarjejeniya kamar masu neman alfarma?

Wani ɓangare na amsar kuɗi ne, kuma ba zan raina shi ba. Jami'ar da ta rubuta takardar neman tallafi ita ke riƙe da asusu, ita ke ɗaukar ɗalibin digirin digirgir da zai yi nazarin bayanan, ita ke yanke shawarar mujallar da za a aika wa. A kasafin irin waɗannan ayyuka sau da yawa za ka ga an ware wa abokin tarayya na Afirka kuɗin zirga-zirga da na masu tattara amsoshi, amma ba a ware masa na zama ya yi nazari ba. Wanda aka biya don ya tattara, tattarawa zai yi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai dai a nan abin da gardin ke kwashewa suna ne da ƙarin girma da tallafi na gaba, waɗanda suka fi kuɗin farko daɗewa.

Ɗaya ɓangaren kuma namu ne, kuma shi ya fi ciwo. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya fi karkata ga ƙirga yawan maƙalu. Matashin malami da ke neman zama babban lakcara ya san cewa suna na biyar a mujallar waje zai amfane shi a gaban kwamiti fiye da shekara biyu na bin diddigin ɗalibai talatin a Funtuwa. Saboda haka idan saƙo ya zo daga waje ana neman wanda zai raba takardun tambayoyi, ba ya tambayar wa ya tsara su, ko ina bayanan za su zauna. Ba na ganin laifinsa sosai. Laifin na manyan da suka sa hannu a yarjejeniya mai shafi uku ne, wadda ta ambaci zumunci da musayar ilimi amma ba ta ce uffan kan mallakar bayanai ko jerin sunayen marubuta ba. Kuma mu faɗi gaskiya, wasu abokan tarayyar sun daina ba mu babban aiki ne saboda sun gwada sun ga rahoto ba ya zuwa kan lokaci, kuɗin aiki na maƙalewa a ofishin kuɗi wata da watanni, kwamitin ɗa'ar bincike kuma ba ya zama sai an yi ta bi. Wanda ke son a ba shi ragamar aiki sai ya nuna zai iya riƙe ta.

Tarihin wannan fanni a Afirka ma ya riga ya gwada hanyoyin biyu. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta karatu daga nesa, AVU. Tsarinta na farko shi ne a watso laccoci ta tauraron ɗan'adam daga jami'o'in ƙasashen Yamma zuwa ɗakunan karatu a jami'o'in Afirka. Daga baya aka kawo digirin kimiyyar kwamfuta daga Jami'ar RMIT ta Ostareliya ga masu Ingilishi, da Jami'ar Laval ta Kanada ga masu Faransanci. A 2002 aka mayar da hedikwatarta Nairobi, kuma bayan 'yan shekaru ta koma ga sa malaman Afirka su rubuta darussan da kansu, domin kayan da aka shigo da su sun yi tsada kuma suna tsayawa ne da ƙafar mai ba da tallafi. Hanya ta biyu ita ce ta shirin TESSA na horas da malaman firamare, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta tun daga 2005 tare da cibiyoyin Afirka, ciki har da Cibiyar Horas da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. A nan malaman Afirka ne suka rubuta darussan tun farko, kowace ƙasa ta daidaita su da yanayinta, aka kuma sake su kyauta ga duk mai so. Wannan haɗin gwiwa ne da ya bar wani abu a ƙasa. Ko da yake, ga mai lura, manyan harsunan da aka fitar da kayan a cikinsu su ne Ingilishi, Faransanci, Larabci da Suwahili. Hausa ba ta cikin huɗun, duk da cewa ɗaya daga cikin manyan abokan aikin a Kaduna take zaune.

Na san abin da wasu za su ce: tunda haka ne, a rufe ƙofa, mu yi namu. Ban yarda ba. Muna buƙatar abin da ke hannunsu: ƙwarewa a tsara gwaji da nazarin alƙaluma, damar shiga mujallun da ba ma iya saye, da idon wanda zai karanta aikinmu ya ce nan hujja ta yi rauni. Jami'ar da ta killace kanta takan ƙare da mujallun cikin gida da abokai ke duba wa abokai. Muna da gogewa a karatu daga nesa, gaskiya ne. An kafa NTI a 1976. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon ƙarnin nan, kuma a yau tana da cibiyar nazarin koyarwa da fasahar zamani, ACETEL, wadda aka kafa ƙarƙashin shirin cibiyoyin ƙwarewa na Bankin Duniya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyarta ta karatu daga nesa. Amma gogewa daban, mayar da ita ilimin da wani zai iya dubawa ya gwada daban. Nan ne abokin tarayya ke da amfani.

Haka nan dogaro kacokan da kuɗin waje ganganci ne, kuma an gani a aikace. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin raya ƙasashe daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigarta, aka datse ayyukan bincike na haɗin gwiwa suna tsakiyar tafiya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID. Duk aikin da tambayarsa da bayanansa ke zaune a can, ranar da kuɗi ya tsaya ya mutu. Wanda tambayarsa tamu ce kuma bayanansa ke hannunmu zai iya rarrafawa da tallafin bincike na TETFund har wani ya zo.

Abin mamaki shi ne a yanzu ƙa'idojin duniya suna bayanmu, mu ne ba ma ɗaga su. A 2022 mujallar Nature ta fitar da matsaya kan abin da ake kira binciken jirgi mai saukar ungulu, wato a sauka a kwashi bayanai a tashi, ta buƙaci marubuta su bayyana irin rawar da masanan wurin suka taka. A taron duniya kan gaskiya a bincike da aka yi a Cape Town a shekarar aka tsara sanarwa kan adalci a haɗin gwiwa. A 2023 Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin haɗin gwiwar bincike a Windhoek ta Namibiya. A cikin gida, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma a ƙarshen shekarar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da ƙa'idojin da jami'o'in waje za su bi in suna son koyarwa a Najeriya. Shugaban sashen da ya ce ba zai tura bayanan ɗalibansa ba sai an rubuta inda za a ajiye su, da wanda zai iya buɗe su, da kwafin da zai zauna a jami'arsa, doka yake bi. Abokin tarayya na gari ba zai ji haushi ba, domin shi ma mujallar da zai aika wa za ta tambaye shi.

Amma duk wannan kariya ce kawai. Abin da ke sauya matsayin mutum a teburin shi ne ya zo da tambayarsa kafin a rubuta takardar neman tallafi, domin bayan an rubuta ta an riga an raba aiki. Idan malama daga Kano ta aika wa takwararta a Ingila saƙo ta ce, ga abin da nake gani a ajina, ga bayanan zango biyu da na tara, ina neman wanda ya iya tsara gwaji mu duba ko darasin murya na minti goma da Hausa ya fi bidiyon awa guda da Ingilishi riƙe ɗalibai, to ita ce mai aikin. Daga nan sauran sharuɗɗan kan zo da sauƙi: ɗalibinta na digirin digirgir ya zama marubuci na farko a aƙalla maƙala ɗaya, a sa kuɗin nazari a kasafin ɓangarenta, a rubuta takardar neman yardar mahalarta da Hausar da za su fahimta, in an gama a koma a gaya musu abin da aka gano. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali su ne suka ƙona datarsu suna amsa tambayoyi.

Tambayoyin kuwa ba sai an je neman su ba, shekarun baya-bayan nan sun zube mana su a ƙofar gida. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu daga watan Maris, a daidai lokacin da ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai watan Disamba, jami'o'in gwamnati suka tsaya cik yayin da wasu masu zaman kansu suka koma intanet, jihohi irin su Kaduna kuma suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin. A 2022 wani yajin ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalata layin da ya taso daga Shiroro. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gwaji ne da babu kwamitin ɗa'ar da zai yarda wani mai bincike ya shirya shi da gangan, amma ya faru, kuma ya bar sawu a rajistar ɗalibai, a sakamakon jarrabawa, a yawan waɗanda suka jingine karatu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Zamfara. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ɗalibin da ke karatu daga nesa a Gusau ya wayi gari makarantarsa ta ɓace daga wayarsa na tsawon makonni. Ya ya yi da aikin da aka ba shi wa'adi? Wa ya shiga mota zuwa wata jiha don ya tura shi, nawa ya kashe, wa ya haƙura ya bari? Matan cikinsu, waɗanda da yawa suka zaɓi wannan karatu don ba ya buƙatar tafiya, me ya same su? Waɗannan ɗalibai suna nan da ransu, sunayensu na cikin rajistar cibiyoyin karatu, kwanakin katsewa da na dawowar layi a rubuce suke. Malami ɗaya a Gusau ko Sakkwato, da izinin kwamitin ɗa'a, da na'urar naɗar murya da kuɗin mota, zai iya fara hira da su a zangon nan, sannan ya rubuta wa duk jami'ar da yake so a duniya yana neman wanda zai taya shi nazarin alƙaluman.